Addu'ar Asuba a Koriya: Al'adar da 'Yan Mishan Ba Su Zo da Ita Ba

A yawancin majami'un Furotesta na Koriya ta Kudu, tun wajen ƙarfe biyar na asuba ake buɗe ƙofa, kullum ta Allah, rani da damina, har da lokacin hunturu da ƙanƙara ke rufe titunan Seoul. Akan rera waƙa, fasto ya karanta ɗan sashe na Littafi Mai Tsarki ya yi gajeren wa'azi, sannan a rage haske, kowa ya duƙufa ga addu'arsa da murya, wani yana kuka, wata tana ambaton 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, har lokacin fita aiki ya yi. Sunan abin a bakinsu saebyeok gido, wato addu'ar asuba, kuma duk inda 'yan Koriya suka yi ƙaura suka kafa coci, daga Los Angeles zuwa Frankfurt zuwa Sao Paulo, da ita suke tafiya. Abin da ya kamata mai nazarin tarihi ya tsaya a kansa shi ne, Amurkawa da 'yan Kanada da suka kai ɗarikun Furotesta ƙasar ba su san wannan taro na kullum a cocinsu na gida ba. A Koriya aka haife shi. Hujjar da nake son kafawa ita ce, tarihin wannan al'ada shi ne mabuɗin fahimtar dalilin da ya sa Kiristanci ya kama ƙasa a Koriya fiye da yadda ya yi a maƙwabtanta: tun farko 'yan ƙasa ne suka ɗauko addinin da hannunsu, suka zuba shi cikin ibadar da jikinsu ya saba da ita, suka kuma biya farashinsa da jininsu a zamanin da ba shi da wata riba ta duniya.

Labarin ya faro ne tun kafin wani ɗan mishan ya taka ƙasar. A ƙarni na 18, jakadun masarautar Joseon ta Koriya da ke zuwa Beijing kowace shekara sukan dawo da littattafai, cikinsu har da waɗanda Matteo Ricci da sauran limaman Katolika suka rubuta da Sinanci. Wasu malamai masu bin koyarwar Confucius suka riƙa karanta su a tsakaninsu, har suka ba ɗaya daga cikinsu, Yi Seung-hun, saƙon ya binciko musu asalin maganar. Aka yi masa baftisma a Beijing a 1784, ya dawo ya yi wa abokansa, ikilisiya ta tsayu ba tare da ko fada ɗaya ba. Sai bayan kimanin shekara goma wani fada Basine, Zhou Wenmo, ya shigo a ɓoye, ya tarar da masu bi dubbai. Hukuma ba ta ɗauki abin da wasa ba, domin sabon addinin ya taɓa hadayar da ake yi wa kakanni, wadda ita ce ginshiƙin ladabi da mulki a Joseon. An fille kan Yun Ji-chung a 1791 saboda ya ƙi yi wa mahaifiyarsa jana'iza bisa wannan al'ada. Aka yi kisa mai yawa a 1801 da 1839, aka kashe fada na farko ɗan ƙasa, Kim Taegon, a 1846, sannan daga 1866 aka hallaka dubban Katolika tare da limaman Faransa tara. Shahidai 103 daga cikin waɗannan ne Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana a matsayin tsarkaka a Seoul a 1984.

Hanyar Furotesta ma haka ta bi. A Manchuria, can ƙetaren kogin Yalu, wani ɗan mishan daga Sikotilan mai suna John Ross ya haɗu da fataken garin Uiju, suka zauna tare suna fassara. An buga Bisharar Luka a Mukden a 1882, Sabon Alkawari kuma ya kammala a 1887. Fataken ne suka yi fasa-ƙwaurin littattafan zuwa gida cikin kayansu, ɗaya daga cikinsu kuma, Seo Sang-ryun, tare da ɗan'uwansa suka tara masu bi a ƙauyen Sorae na lardin Hwanghae. Saboda haka a ranar Ista, 5 ga Afrilu 1885, da Horace Underwood na ɗarikar Firesbiteriya da Henry Appenzeller na Metodis suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Jemulpo, wadda yau ake kira Incheon, sun zo ne ƙasar da bishara ta riga su shiga. Har Bisharar Markus da suka riƙo daga Japan wani ɗan Koriya ne, Yi Su-jeong, ya fassara ta a can. Da Underwood ya kafa majami'ar Saemunan a Seoul a 1887, mafi yawan mutum goma sha huɗun da aka fara da su ta hannun Seo da abokansa suka ba da gaskiya. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, amma a nan ɗan gari ne ya fita ya ɗauko, baƙo ya zo daga baya ya tarar.

Wannan bai rage wa 'yan mishan daraja ba. Likita Horace Allen ya ceci ran wani babban ɗan fada, Min Yeong-ik, bayan yunƙurin juyin mulki na ƙarshen 1884, ladan haka sarki ya yarda aka buɗe asibitin zamani na farko a 1885. Mary Scranton ta fara makarantar 'yan mata ta Ewha a 1886 da ɗaliba guda. Amma babbar hikimarsu ita ce shawara biyu da suka yanke, waɗanda dukansu suka miƙa ragama ga 'yan ƙasa. Ta farko, sun zaɓi rubutun Hangul, wanda Sarki Sejong ya fito da shi a 1446, malamai kuma suka raina shi suna ganin na mata ne da talakawa, su kuwa sai Sinanci. Da wannan rubutu aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1911, kuma a majami'u da yawa sai wanda ya koyi karatu ake yi wa baftisma, don haka matan ƙauye suka iya karatu a coci kafin gwamnati ta tuna da su. Ta biyu, a 1890 suka gayyato John Nevius, wanda ya daɗe yana aiki a lardin Shandong na Sin, ya koya musu tsarinsa: kowace ikilisiya ta ɗauki nauyin kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa bishara da kanta, kowa ya zauna kan sana'arsa, a riƙa tara jama'a ajin nazarin Littafi na kwanaki. A Sin ba a karɓi shawarar Nevius sosai ba. A Koriya ta zama doka. Manoma suka gina majami'unsu da kuɗinsu, mata suka riƙa ware cokalin shinkafa daga kowane girki don baiko, wanda ba shi da kuɗi kuma ya yi alkawarin kwanakin da zai bar gona ya tafi wa'azi, aka rubuta masa su kamar yadda ake rubuta baikon kuɗi.

A cikin irin waɗannan azuzuwan nazari na lokacin hunturu, sa'ad da aikin gona ya tsaya, aka fara ganin masu bi suna tashi kafin gari ya waye suna addu'a ba tare da kowa ya umarce su ba. Masanin tarihi Sung-Deuk Oak, a binciken da ya yi kan farkon Furotesta a Koriya, ya nuna cewa al'adar ta tsiro ne a cikin ƙasar da ta riga ta ɗauki asuba a matsayin lokaci mai tsarki. A zamanin Joseon akan buga babbar ƙararrawar Seoul sau 33 da asuba don buɗe ƙofofin birni. Sufayen Buddha da ke kan duwatsu sukan fara karatunsu tun duhu bai yaye ba. Uwa takan ɗebo ruwan rijiya na farko a kwano, ta ajiye a bayan gida, ta roƙa wa mijinta da 'ya'yanta lafiya. Masu neman tafarkin Dao kuma sukan shiga dutse su yi kwana ɗari suna addu'a. Ɗaya daga cikin waɗannan masu nema shi ne Gil Seon-ju, wanda ya shafe shekaru a kan wannan hanya kafin a yi masa baftisma a 1897. Da ya zama Kirista ya bar abin da yake kira a da, amma bai bar tashin asuba ba.

Gil yana tsakiyar abin da ya faru a Pyongyang a Janairun 1907. Zamani ne na baƙin ciki. An gwabza yaƙin Sin da Japan a kan titunan birnin a 1894, yaƙin Rasha da Japan ya biyo baya a 1904, a 1905 kuma Japan ta ƙwace harkokin wajen Koriya ta mayar da ita ƙasar da ke ƙarƙashin kariyarta. Tun 1903 wata falkaswa ta fara a Wonsan, inda likita Robert Hardie, ɗan Kanada, ya tsaya gaban 'yan Koriya ya furta girman kansa da rainin da yake yi musu. A majami'ar Jangdaehyeon ta Pyongyang, maza kimanin 1,500 suka taru ajin nazari. Wani dare da aka ce a yi addu'a, sai dukan jama'a suka ɗaga murya lokaci guda, kowa da nasa roƙon, daga nan mutane suka riƙa miƙewa suna furta sata da ƙiyayya da zina da kisa, ana kuka har tsakar dare. Washegari aka ga masu mayar da kuɗin da suka ci, ana bi gida gida ana neman gafara. Wannan addu'a ta murya ɗaya, tongseong gido, ta zauna har yau. Wajen 1909 kuma, da Gil ya ga zafin ya fara hucewa, shi da wani dattijon ikilisiya suka riƙa zuwa majami'a da asuba su kaɗai na tsawon makonni, sannan ya sanar cewa za a buga ƙararrawa ƙarfe huɗu da rabi ga mai so. Rahoton 'yan mishan na lokacin ya ce tun tsakar dare mutane suka fara taruwa, kafin a buga ƙararrawar sun kai ɗaruruwa. Daga nan abin da yake na ɗaiɗaiku ya zama tsarin ikilisiya.

Akwai masu cewa, ciki har da wasu malaman tauhidi na Koriya, duk wannan tsohon addinin gargajiya ne aka sa wa rigar Kiristanci. Suna nuni da mudang, matan da iska ke hawa kamar yadda ake yi a bori, waɗanda ake zuwa wurinsu neman lafiya da arziki da haihuwa, suna cewa mai kuka da asuba a coci bukatarsa ɗaya da mai zuwa wurin mudang, suna kawai aka canza. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin neman albarkar duniya ya cika addu'o'i da yawa. Amma ta kasa bayyana abin da ya faru a 1907. Wurin mudang ana zuwa ne a lallashi iska ko a kore ta, ba a zuwa a tsaya gaban maƙwabci a ce na cuce ka, ga kuɗinka. Furta zunubi a bainar jama'a, a ƙasar da kare mutunci ya fi komai, sabon abu ne da ya fito daga abin da suka karanta a Littafi. Waɗannan masu bi kuma su ne suka ƙone kayan tsafin gidajensu, suka jure korar dangi saboda ƙin hadayar kakanni. Abin da suka yi shi ne tacewa: sun riƙe lokacin, da naciya, da hawaye, da hawan dutse, suka sauya wanda ake kira da abin da yake bukata daga mai kira. Haka suka yi da girmama iyaye. Da aka hana hadaya, sai suka ƙirƙiro sujadar tunawa da mamaci a ranar da ya rasu, iyali su taru a yi waƙa da karatu da addu'a. Babu addinin da ya taɓa shiga wata al'umma ya same ta fanko, kuma Kiristancin Turai kansa ya ɗauki kamannin Girkawa da Rumawa da Jamusawa ba tare da an ce ya daina zama Kiristanci ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi. Masu shi suna cewa ƙarfin Amurka ne ya cika majami'un Koriya. A 1945 Kiristoci ba su wuce kimanin kashi 2 cikin ɗari na jama'a ba. Bayan haka sojojin Amurka suka mulki kudu na shekara uku, shugaban ƙasa na farko, Syngman Rhee, ɗan Metodis ne, an kafa aikin limaman Kirista a rundunar soja lokacin yaƙin 1950 zuwa 1953, kayan agaji kuma, abinci da tufafi da gidajen marayu, da yawansu ta hannun coci suka bi. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya musanta cewa ya taimaka bai yi adalci ba. Sai dai a dubi Japan. 'Yan mishan Furotesta sun isa can tun 1859, kusan shekara 25 kafin Koriya. Amurka ta mamaye ta daga 1945 zuwa 1952, Janar MacArthur da kansa ya yi kira a turo 'yan mishan da Littattafai, aka kuma turo. Har yau Kiristocin Japan suna nan wajen kashi 1 cikin ɗari. A Koriya ta Kudu kuwa ƙidayar 2015 ta nuna Furotesta kashi 19.7, Katolika kashi 7.9. Da ƙarfin Amurka kaɗai ke yin wannan aiki, da sakamakon bai bambanta haka ba.

Bambancin yana cikin shekaru 35 na mulkin mallaka. A yawancin ƙasashen Asiya da Afirka, mai mulkin mallaka da ɗan mishan ƙasarsu ɗaya, don haka mai kishin ƙasa yakan kalli coci da zargi. A Koriya mai mallaka Japan ce, wadda ta haɗiye ƙasar a 1910, coci kuwa ta zama ɗaya daga cikin wurare kaɗan da ɗan Koriya zai taru da 'yan'uwansa, ya yi magana da harshensa, ya zaɓi shugabanninsa. A shari'ar da ake kira ta mutum 105, wadda aka fara da kame a 1911, mafi yawan waɗanda aka tuhuma da shirin kashe gwamna Kiristoci ne. A ranar 1 ga Maris 1919, cikin mutum 33 da suka sa hannu kan takardar shelar 'yanci, 16 Kiristoci ne, 15 mabiya addinin Cheondogyo, biyu mabiya Buddha, kuma Gil Seon-ju yana cikinsu, ya yi zaman kurkuku saboda haka. A watan Afrilu na shekarar sojojin Japan suka kulle mazan ƙauyen Jeam-ri cikin majami'a suka harbe su suka cinna mata wuta. Yu Gwan-sun, ɗalibar Ewha, ta mutu a kurkuku a 1920 tana 'yar shekara goma sha bakwai. Ba a ce tarihin duk fari ba ne. A 1938, 'yan sanda na zaune cikin zauren taro, babban taron Firesbiteriya ya amince da rusunawa a wuraren bautar Shinto na Japanawa. Waɗanda suka ƙi, irin su Fasto Ju Gi-cheol da ya mutu a kurkuku a 1944, 'yan kaɗan ne, kuma raunin wannan rana yana cikin abin da ya tsaga ɗarikar bayan 'yanci. Amma jama'a sun riga sun ga cewa wannan addini ya sha wuya tare da su, kuma ba a sake iya kiransa kayan baƙi ba.

Bayan rabuwar ƙasar a 1945, Kiristocin arewa, inda coci ta fi ƙarfi har ake kiran Pyongyang Urushalimar Gabas, suka kwararo kudu. Fasto Han Kyung-chik ya fara majami'ar Youngnak a Seoul a ƙarshen 1945 da 'yan gudun hijira 27. Ga wanda ya baro iyaye a ƙetaren iyakar da ba ta ƙetaruwa, asuba ta zama lokacin kiran sunayensu. Akwai kuma dalili na zahiri: daga 1945 har zuwa farkon 1982 akwai dokar hana fita da dare, wadda a yawancin shekarun take ƙarewa ƙarfe huɗu, saboda haka majami'a ce wuri na farko da mutum zai iya zuwa, kuma ma'aikacin masana'anta da ke aikin sa'a goma sha biyu ba shi da wani lokaci sai wannan. Seoul ta tashi daga mutum wajen miliyan biyu da rabi a 1960 zuwa miliyan goma a ƙarshen shekarun 1980, kusan duk baƙi daga ƙauye, coci ta zame musu dangi. A wannan yanayi Cho Yong-gi da Choi Ja-shil suka fara taro cikin tanti a 1958, wanda ya zama majami'ar Yoido mai ɗaruruwan dubban membobi. A wannan yanayi kuma, bayan tela Jeon Tae-il ya cinna wa kansa wuta a 1970 don nuna halin da masu ɗinki ke ciki, malamai irin su Ahn Byung-mu da Suh Nam-dong suka fito da tauhidin minjung, wanda ke neman Yesu a cikin talakawan da ake zalunta. Ɓangarorin biyu ba sa ga maciji, amma dukansu amsa ce ta 'yan gida ga wahalar gida.

Ƙaura ta kai al'adar nesa. A ranar 13 ga Janairu 1903 jirgin ruwa ya sauke rukunin farko na 'yan Koriya, mutum ɗari da 'yan kai, a Honolulu don aikin gonakin rake, da yawansu daga majami'ar Metodis ta Naeri a Incheon, kuma kafin shekara ta ƙare sun kafa taron sujada. Bayan Amurka ta sauya dokar shige da fice a 1965, ɗaruruwan dubbai suka biyo, ma'aikatan jinya da masu haƙar kwal kuma suka tafi Jamus ta Yamma. Binciken cibiyar Pew na 2012 ya nuna kimanin kashi 71 cikin ɗari na Amurkawa 'yan asalin Koriya Kiristoci ne, adadin da ya ninka na gida fiye da sau biyu. Dalili a bayyane yake. A baƙuwar ƙasa, coci ce ke tarbar mutum a filin jirgi, ta nema masa ɗaki da aiki, ta koya wa 'ya'yansa Hangul ranar Asabar, ta ciyar da shi shinkafa da kimchi bayan sujada, ta kuma ba wanda ya yi digiri a gida amma yake tsaron kanti a nan muƙamin dattijo da zai mayar masa da mutuncinsa. Sai dai 'ya'yan da aka haifa a can, masu tunani da Turanci, da yawa sun riƙa zamewa a hankali, abin da 'yar jarida Helen Lee ta rubuta a kansa a 1996. Ga iyaye, tashin asuba shi ne ma'aunin bangaskiya. Ga 'ya'ya, yakan zama wani nauyi na al'adar iyaye, tare da biyayya marar tambaya ga fasto da dattawa.

A nan ne ƙorafi na uku yake, kuma shi ne wanda ba a iya kawar da shi da hujjar tarihi. Idan wannan coci tana da tushe mai zurfi haka, me ya sa ɗarikar Firesbiteriya ta tsage gida fiye da ɗari, me ya sa kotu ta sami Cho Yong-gi da laifin almundahana da kuɗin coci a 2014, me ya sa ake rigima kan manyan fastoci masu gadar wa 'ya'yansu kujera, me ya sa ƙidayar 2015 ta nuna kashi 56 cikin ɗari na jama'a ba su da addini, matasa kuma suka fi yawa a cikinsu? Amsar da ta fi gaskiya ita ce, zama ɗan gida yana da farashinsa. Cocin da ta ɗauki naciyar Koriya ta ɗauki kuma tsarin manya da ƙanana na Confucius, da gasar girma ta zamanin masana'antu, da son gadon iyali irin na manyan kamfanonin ƙasar. Waɗannan laifuffuka ba su rushe hujjata ba, domin su ma na gida ne, kuma masu sukarsu da kakkausar murya Kiristocin Koriya ne. Amma suna tuna mana cewa addinin da ya zauna daram cikin al'ada yana iya rasa bakin tsawata mata, alhali ƙarfin 1907 yana cikin tsawatarwar ne, lokacin da manya suka tsaya gaban ƙanana suka ce mun yi laifi.

Jarrabawa mafi girma tana fagen mishan. Tun ranar da aka naɗa fastocin Firesbiteriya bakwai na farko a 1907, aka ware ɗaya, Yi Gi-pung, aka aika shi tsibirin Jeju. Da aka kafa babban taron ɗarikar a 1912, shawarar da aka yanke ita ce a aika masu bishara Sin, kuma a 1913 mutum uku suka tafi Shandong, mahaifar Confucius, daga ƙasar da ba ta da ko tutar kanta. Sun koyi Sinanci, suka shiga ƙarƙashin majalisar ikilisiyar Sinawa a matsayin membobi, aikin ya ci gaba har aka fitar da na ƙarshensu, Bang Ji-il, a 1957. Yau Koriya ta Kudu tana da 'yan mishan fiye da 20,000 a ƙasashe sama da 160, tana cikin na gaba gaba a duniya. Tare da himma akwai gaggawa, kamar yadda aka gani a 2007 lokacin da Taliban suka kama mutum 23 na majami'ar Saemmul a Afganistan suka kashe biyu, abin da ya jawo muhawara mai zafi a gida. Akwai kuma koken da akan ji daga ikilisiyoyin da ke karɓarsu, cewa wasu suna zuwa da kuɗi da gini da jadawalin Seoul, suna auna bangaskiyar mutane da ko sun fito ƙarfe biyar.

Wanda ya yi haka ya karanta tarihinsa a juye. Abin da ya gina cocin Koriya shi ne an bar fatake su fassara, an bar manoma su biya, an bar tsohon mai neman Dao ya kawo asubarsa, 'yan mishan kuma, da suka ji ɗaruruwan muryoyi sun tashi lokaci guda a Jangdaehyeon, abin da ba su saba da shi ba, ba su tsawatar ba. Zanen aro ba ya rufe katara, ko daga Amurka aka aro shi ko daga Seoul. Gadon da Kiristocin Koriya za su iya miƙa wa 'ya'yansu a Los Angeles, da masu bi a Mongoliya ko Kambodiya ko Kenya, ya wuce sa'ar da ake buga ƙararrawa. Shi ne 'yancin da su kansu suka samu: kowace al'umma ta karanta Littafi da harshenta, ta ɗauki nauyin ikilisiyarta, ta nemo a cikin rayuwarta lokaci da muryar da za ta kira Allah da su, ta kuma yarda Littafin ya tsawata mata a inda ta kauce. Mutum ukun da suka tafi Shandong a 1913 sun fahimci haka, shi ya sa suka zauna a ƙarƙashin waɗanda suka je yi wa hidima, kuma da wannan ma'auni ya dace a auna dubban da suka biyo bayansu.